Tambaya da Amsa: Taɓin hankalin da ya kama yayana da gwaggona zai bi 'ya'yana?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Likita. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Talata Mafara, shekarata 26. Yayana wanda nake bi ya kamu da taɓin hankali shekara huɗu da suka wuce, yana jin ana yi masa magana alhali babu kowa, yana cewa muna zuba masa guba a abinci. Sau ɗaya aka kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Kware da ke jihar Sakkwato, likita ya ce sikizofireniya ce, ya kuma samu sauƙi sosai. Da ya dawo gida sai baffanmu, wanda shi ke da ta cewa tun rasuwar babanmu, ya hana a ci gaba da ba shi magani, wai iskokin gado ne, don ƙanwarsu ma da irin wannan lalurar ta rasu. Yanzu haka yana wurin wani mai magani a ƙauye, an ce har mari aka sa masa a ƙafa. Ni kuma an sa ranar aurena da ɗan wannan baffan nawa bayan babbar salla. Wallahi Likita ba na iya barci. Ina tsoron kada ni ma ya same ni, ina tsoron in haifi 'ya'ya ina ji ina gani su zama haka. Akwai gwajin da za mu yi kamar na jinotayif? Ko in nemi a fasa auren?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, Allah ya jiƙan mahaifinku da gwaggonku, ya ba yayanki lafiya. Tunda ke ma ta gida ce a harkar lafiya, ba zan ɓata miki lokaci da bayanin mece ce sikizofireniya ko yadda alamominta suke ba. Kin gan su a tsakar gidanku fiye da yadda kowane malami zai nuna miki a aji.

Maganar gwaji ta fi sauƙin amsawa: babu shi. Sikila ƙwayar gado ɗaya ce tak, shi ya sa ake ɗibar jini a ce miki ke AS ce, a kuma lissafa cewa in kika auri AS, kowane ciki yana iya zuwa da SS sau 1 cikin 4. Sikizofireniya ba a wannan hanyar take tafiya ba. Babban binciken da aka fitar a 2014 ya gano wurare 108 a cikin ƙwayoyin gadon ɗan Adam da ke da hannu a ciwon, wanda ya biyo baya a 2022 ya kai su 287, kuma kowane ɗaya abin da yake ƙarawa bai fi tsabar gero a mudu ba. Da ni da ke da limamin unguwarku, kowa yana ɗauke da wasu daga ciki. Wani dai an haife shi mudunsa ya kusa cika, wani ko rabi bai kai ba. Don haka duk wanda ya ce zai ɗora hannunki a kan wata na'ura ya duba kwamfuta ya faɗa miki ko kina ɗauke da ciwon, ki riƙe kuɗinki ki yi gaba.

Abin da muke da shi ƙiyasi ne daga bibiyar iyalai. A cikin jama'a gaba ɗaya, wajen mutum 1 cikin 100 ne ciwon kan kama a tsawon rayuwa. Wani masani ɗan Amurka, Irving Gottesman, ya tattara binciken da aka yi kan iyalai a Turai ya fitar da alƙaluma a 1991, kuma har gobe da su muke yi wa mutane bayani. Wanda ɗan'uwansa uwa ɗaya uba ɗaya ke da ciwon, wajen 9 cikin 100. Wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ke da shi, wajen 13. In iyayen duka biyu ne, a lissafinsa abin ya haura 40. Wanda baffansa ko kawunsa ko gwaggonsa ke da shi, wajen 4. 'Ya'yan wa da ƙani kuwa, 2. Yanzu ki juya lissafin ta ɗaya gefen. A tara mata 100 masu yaya irin naki, kusan 90 daga cikinsu za su tsufa su aurar da jikoki ba abin da ya taɓa hankalinsu. Kasancewar akwai gwaggo a cikin lissafin yana ɗan ɗaga naki, amma har yanzu rinjaye mai yawa yana ɓangaren lafiya. Ba zan yi miki daɗin baki in ce kin wuce shekarun haɗari ba, don maza ya fi kama su daga shekara goma sha takwas zuwa ashirin da 'yan kai, mata kuwa yakan jinkirta zuwa ƙarshen ashirin ko farkon talatin. Sai dai rashin barcin da kika bayyana, na mai ɗan'uwa a ɗaure da ranar aure a gaba, kowa ya shiga halinki haka zai kwana.

Hujjar da ta fi kwantar mini da hankali tana wurin tagwaye. Hassan da Hussaini na ƙwai ɗaya gadonsu iri ɗaya ne sak. Da gado kaɗai ke yanke hukunci, duk lokacin da Hassan ya kamu sai Hussaini ya bi shi. Amma a lissafin Gottesman 48 cikin 100 ne ke bi, wani bincike kan tagwayen ƙasar Denmak da ya fito a 2018 ya ma samu 33 ne kawai. Ke nan fiye da rabi suna ɗauke da cikakken kayan amma ciwon bai taɓa fitowa ba. Kuma da aka bi 'ya'yan irin waɗannan tagwaye a Denmak, sai aka tarar 'ya'yan mai lafiyar da 'ya'yan marar lafiyar haɗarinsu kusan ɗaya ne, wajen 17 cikin 100. Wato mutum yana iya ɗaukar abin ya miƙa wa na baya shi ko ciwon kai bai yi ba. Wannan shi ne dalilin da ciwon kan tsallake uba ya faɗa kan ɗa, ko ya fito a gwaggo ya ɓuya sai a ɗan wanta, kamar yadda ya faru a gidanku.

Tunda tsofaffinmu kan ce a nono ake sha, bari in ƙara wannan. A 1966 wani likita a Amurka, Leonard Heston, ya bi sawun yara 47 da aka raba da uwayensu masu wannan ciwo tun suna 'yan kwanaki aka ba da su riƙo. Biyar daga ciki sun kamu bayan sun girma. A cikin wasu yara 50 da su ma aka yi riƙonsu amma uwayensu lafiya lau, ko ɗaya bai kamu ba. Yaran nan ba su sha nonon ba, ba su kwana a ɗakin ba, ba su san hanyar gidan ba. Ki riƙe wannan, zan dawo kansa.

Sai auren zumuncin. Nan ba zan ɓoye miki ba, yana ƙara wa mudun. Kakanninku ɗaya, ke da shi kun haɗa wajen kashi 1 cikin 8 na ƙwayoyin gado, gwaggon nan gwaggonsa ce kamar yadda take gwaggonki, don haka abin da ke yawo a dangin yana iya iso wa yaro ta ƙofa biyu. Wani bincike a Ailan ta Arewa da aka fitar a 2018, wanda ya duba mutum sama da 360,000, ya samu cewa 'ya'yan da aka haifa a auren 'ya'yan wa da ƙani sun ninka sauran jama'a wajen sau biyu a yawan waɗanda ake rubuta wa maganin irin wannan ciwo. Ninki biyu na ƙaramin adadi har yanzu ƙarami ne, kuma mafi yawan 'ya'yan irin wannan aure lafiyarsu ƙalau. Ni dai ba na raba aure a kan wannan lissafin kamar yadda nake tsayawa kai da fata a kan AS da AS. Da ƙanwata ce ta zo mini da labarinki, kuma ba ta riga ta sa yaron a ranta ba, zan ce mata bare ya fi mata kwanciyar hankali. In kuwa kuna son juna, to tambayoyin da suka fi lissafin kakanni amfani su ne: shi kansa ya taɓa yin wani abu mai kama da wannan aka rufe? Yana busa wiwi? In ke ko ɗanki wani abu ya taso, asibiti zai kai ku ko zai bi ra'ayin mahaifinsa? Ta ukun nan ita ce ta fi tsaya mini a rai.

Abin da ke cika mudun bayan gado, wani yana hannunmu wani ba ya hannunmu. Yunwar mai ciki tana ciki: yaran da aka ɗauki cikinsu a tsakiyar yunwar da ta afka wa Holan a 1944 zuwa 1945, da ta ƙasar Sin a 1959 zuwa 1961, an samu ciwon ya ninka a cikinsu bayan sun girma. Ki tuna da wannan duk lokacin da kika ga mai ciki 'yar gudun hijira da 'yan bindiga suka raba da gonarta tana kwana a kangon makaranta. Akwai doguwar naƙuda da ke hana iska isa ƙwaƙwalwar jariri, da jijjiga, da zazzaɓi mai tsanani ko wata cuta a lokacin goyon ciki, abubuwan da ke kanki kike gani a ɗakin haihuwa. Akwai tsufan uba, wanda ba a son a faɗa a ƙasar nan, amma ɗan da aka haifa wa mai shekara 50 zuwa sama haɗarinsa ya ɗara na ɗan matashi. Akwai azabtar da yaro da firgicin ƙuruciya. Sai kuma babbarsu wadda ke hannunmu ɗari bisa ɗari, tabar wiwi. A Suwidin an shafe shekara 15 ana bin sawun matasa 45,570 da aka ɗauka aikin soja, sakamakon da ya fito a 1987 ya nuna waɗanda suka sha fiye da sau 50 sun ninka marasa sha sau 6 wajen kamuwa. Binciken shan ƙwaya na ƙasa na 2018 kuma ya ƙiyasta masu shan wiwi a Najeriya sun kai miliyan 10.6. Yaron wani gida zai iya busawa shekara da shekaru ya tsira da tari kawai. Yaron gidanku ba shi da wannan sararin, kuma ya kamata a zaunar da ƙannenku maza a faɗa musu haka ƙarara tun suna ƙanana.

To, 'yar'uwa, na amsa abin da kika tambaya. Yanzu ki ba ni dama in yi magana a kan abin da kika ambata a tsakiyar wasiƙarki kika wuce, wanda shi ne ya hana ni ma sukuni. Kina lissafin 'ya'yan da ba a haifa ba, alhali ga wanda aka haifa can a ƙauye da ƙarfe a ƙafa.

Babu ranar aiki da za ta fito ta faɗi ban ji wannan jimlar ba: "Likita, wanga ba ciwon asibiti na ba, iskokin gida na." Daga Argungu har Ƙauran Namoda lafazi ɗaya ne. Kuma na lura duk inda ciwon ya maimaita kansa a dangi, nan maganar ta fi kafuwa. Mutum ɗaya ya kamu, a ce jifa ne, a nuna kishiya ko abokin takara a kasuwa. Na biyu ya kamu, shi ke nan an samu hujja, aljanin kaka ne da ba a sallama ba, ko wani alkawari da aka yi da su ba a cika ba. Abin da ya kamata ya sa iyali su ce a jini yake mu sa ido, shi ne ke mayar da su wurin masu hayaƙi. Ni Musulmi ne, na karanta Suratul Jinn, ba na musun abin da Alƙur'ani ya tabbatar. Amma yarda da cewa akwai aljanu daban, yarda da cewa wani mutum zaune a kan buzu ya kalli yayanki ya gane shi aljani ne ke damunsa daban. Da me ya gane? Ki koma kan yaran Heston. In aljanin gida ne, ta yaya ya bi jaririn da aka ɗauke yana ɗan kwana uku zuwa wani gari? Me ya sa yake bin lissafin jini daki-daki, ya fi kama tagwayen ƙwai ɗaya a kan na ƙwai biyu, ya fi kama ɗan'uwa a kan ɗan baffa? Me ya sa ba kasafai yake kama matar gida da aka auro daga wata zuriya, wadda ta shekara talatin tana kwana a ɗakin nan ba? Hukumar Lafiya ta Duniya ta bibiyi ciwon a ƙasashe tara tun wajen ƙarshen shekarun 1960, har da Ibadan a cikin wuraren binciken, aka tarar da shi ko'ina da siffa iri ɗaya. Abin da ke canzawa kawai rigar da yake sawa. Bature zai ce an dasa masa na'ura a kai ana leƙensa da tauraron ɗan Adam, namu zai ce mutanen ɓoye ne, a 'yan shekarun nan kuma na fara jin masu cewa maƙwabta sun ba 'yan bindiga lambar wayarsu. Ƙwaƙwalwar da ta rikice da kayan da ta tarar a gida take gina tsoronta.

Na san dalilin da ya sa maganar "ba ya son allura" ta zauna wa mutane, kuma wani ɓangaren laifin namu ne. Tsofaffin magungunan da suka fi araha, haloperidol da Largactil da allurar Modecate, suna iya sa wuya ya murɗe, harshe ya fito, ido ya kafe sama, yawu ya riƙa zuba, mutum ya riƙa tafiya a sandare. Ki sa kanki a matsayin tsohuwar da ba wanda ya gargaɗe ta. An yi wa ɗanta allura da safe, da la'asar ta ga idonsa ya juye sai fari. Me za ta ce in ba iskokai sun yi fushi ba? Alhali wannan sananniyar illar magani ce, ana warware ta da Artane ko a rage adadin ko a canza zuwa irin su olanzapine da risperidone, sau da yawa kafin a yi sallar isha ya sake. Minti biyu na bayani a bakin taga ya isa ya hana iyali gudu, amma layi ya yi tsawo, ma'aikaci ya gaji, aka miƙa leda aka ce na gaba. Ina zargin wani abu mai kama da haka ya faru da yayanki. Ki bincika.

Ɗaya dalilin shi ne ciwon da kansa yana hawa yana sauka. Ana kai mutum wurin mai magani ne a ranar da abin ya kai ƙololuwa, kuma daga ƙololuwa ba inda ake zuwa sai ƙasa. Ya ɗan lafa, mai magani ya karɓi yabo da rago. Ya dawo, a ce ai kun karya sharaɗi, ko wani sabon aljanin ne ya shigo, a kawo wani ragon. Ban taɓa jin wanda ya ce aikina ne bai ci ba, ga kuɗinku. Batun aljani ya yi magana da bakinsa kuwa, ki ɗaure mutumin da tunaninsa ya riga ya tarwatse, ki tura masa hayaƙin barkono a hanci, ki riƙa tsula masa bulala kina tambaya wane ne kai, daga ina ka zo. Wallahi ko mai cikakken hankali sai ya ba ki suna da gari.

Akwai wani saurayi da ba na mantawa da shi. An shigo da shi ɗakin duba marasa lafiya mutum biyu na riƙe da shi, ba don yana faɗa ba, don ƙafafunsa sun manta yadda ake miƙewa. A idon sawunsa duka biyu akwai zobe fari na tabo inda marin ya ci fata ya warke ya sake ci. Mahaifinsa, dattijo mai kamala, ya ajiye buhu a gabana ya fara fito da kaya: gorunan rubutu, ƙullin garin magani a tsumma, kwalaben man shafawa, turare kala-kala. Ya ce shekara uku ke nan, shanun huɗa biyu sun tafi, fadama ta tafi. Na tambaye shi me yaron ke yi kafin ciwon, ya ce yana shekarar ƙarshe a makarantar horar da malamai. Muka fara magani. A mako na biyar yaron ya tambayi mai jinya ko akwai sabulu, yana son ya yi wanka, bayan kwana biyu ya tambayi ina mahaifiyarsa. Dattijon ya zauna a benci ya rufe fuska da babbar riga. Yaron ya koma gida, yana taya ƙaninsa tsaron shago. Amma makaranta ba ta koma ba, kuma ba na jin za ta koma, don shekara ukun nan sun tafi da wani abu da ba ni da maganin dawo da shi.

Wannan shi ne abin da ke ƙona mini rai. Bincike ya sha nuna cewa gwargwadon daɗewar mutum cikin ciwon ba magani, gwargwadon wahalar dawowarsa yadda yake. Kuma wanda ya samu sauƙi daga tashin farko, wajen 80 cikin 100 ciwon kan dawo musu cikin shekara biyar, babban abin da ke jawo haka shi ne ajiye magani, wanda ke ninka haɗarin kusan sau biyar. Wajen 5 cikin 100 na masu ciwon su ke kashe kansu. Wasu kuma sukan sandare su daina ci da sha, a zafin watan Afrilu na ƙasar nan kwana nawa mutum zai yi a ɗaure a rumfar kwano? Ban ma yi maganar waɗanda tun farko ba sikizofireniya ke damunsu ba, masu farfaɗiya, da sanƙarau, da zazzaɓin da ya hau kai, waɗanda gwaji da magani na 'yan kwanaki zai tashe su amma ake yi musu turare har rai ya yi halinsa. Duk mun ga hotunan da suka fito a watan Satumbar 2019 lokacin da 'yan sanda suka buɗe wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum sama da 300, sannan aka biyo da na Daura. An yi ta salati a Facebook mako guda. Na ƙauyuka da ba kyamarar da ta isa wurin suna nan yadda suke.

Kuma kada wani ya ce na hana addu'a. A yi tofi, a karanta Falaƙi da Nasi, a yi sadaka, marasa lafiyata da yawa da carbi a hannu suke haɗiye maganinsu kuma ina ƙarfafa musu gwiwa a kai. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ku nemi magani bayin Allah, kuma ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar mata da waraka. Shi ne kuma ya ce an ɗauke alƙalami daga kan wanda hankalinsa ya gushe har sai ya dawo. Mutumin da Ubangijinsa ya ɗauke masa hisabi, wane ne kai da za ka sa masa bulala? Musulmin farko ba su ga saɓani a nan ba. Asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 yana karɓar masu taɓin hankali, ɗaruruwan shekaru kafin a samo Largactil a Faransa a farkon shekarun 1950. Malaman kirki da na sani a Gusau da Birnin Kebbi su da kansu suke cewa iyali ku kai shi asibiti mu kuma muna addu'a. Wanda ke cewa ku zubar da ƙwayoyin nan in ba haka ba aikina ba zai ci ba, kasuwarsa yake karewa.

Ƙanwar wannan magana ita ce "a yi masa aure zai natsu". Ba zai natsu ba. Hidimar biki da rashin barci da nauyin iyali su ne ma ke tayar da ciwon da ba a kan magani yake ba, a ƙarshe a bar yarinyar mutane da ciki da tsoro. Mai sikizofireniya da ya daidaita a kan magani yana aure, yana haihuwa, yana riƙe gida, na ga da yawa. Sharaɗin shi ne ya daidaita tukuna, kuma a faɗa wa dangin matar gaskiya. A fiƙihun Malikiyya da muke bi, hauka yana cikin aibobin da in aka ɓoye su wanda aka yaudara yana da zaɓin warware auren.

Ba zan ɗora wa baffanki laifin duka ba. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan ba mu kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, kuma yawancinmu muna manyan birane. Dokar da muka yi ta aiki da ita ta 1958 ce, wadda ta ɗauki marar lafiya kamar mai laifin da za a killace, sai a Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwa wadda ta ba shi haƙƙin kada a azabtar da shi ko a wulaƙanta shi. Takarda ta yi kyau. Amma ki duba kantar maganin asibitin da kike aiki ki faɗa mini ko akwai ƙwayar haloperidol ɗaya. Mutum zai bi hanyar Sakkwato da halin da take ciki, ya biya mota shi da masu riƙe marar lafiya biyu, don kawai a sabunta masa takardar magani, alhali mai hayaƙi yana bayan gari kuma yana karɓar bashi. An yi taro a otal, an raba jaka da biro, an ce za a shigar da lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ƙananan asibitoci. Muna nan muna jira.

Game da ke: ki yi awon ciki da wuri in Allah ya kawo rabo, ki ci abinci, ki sha maganin ƙarin jini, ki haihu inda za a iya taimakonki in naƙuda ta yi gardama. A makonni biyun farko na jego ki sa wadda kika yarda da ita ta lura, in kin yi kwana biyu ko uku ba barci ko maganarki ta fara fita hanya, kada a tsaya jiran suna, a nemi likita. In 'ya'ya sun tasa, abin lura shi ne yaron da ya janye daga abokai, karatu ya zube, ya daina wanka, ya fara zargin abinci ko dariya shi kaɗai, na makonni ba na kwana ɗaya ba. Gidan da ya san ciwon yana kawo ɗansa a wata na farko, kuma irin waɗannan su ne ke komawa makaranta.

Yayanki kuwa ba zai jira bayan salla ba. Kada ki tunkari baffa ke kaɗai, kin san ba zai ji daga bakin 'yar da ya ɗaura wa zani ba. Ki nemi wanda yake jin nauyinsa, limami ko aminin mahaifinku ko kawunku, ki nuna musu tsohon katin Kware, ki tuna musu yadda ya dawo da hankalinsa a wancan karon, don wannan hujja ce da su ma suka gani da idonsu. Kada a ce masa ya yi kuskure, a ce masa za a haɗa biyu ne, addu'a tana tafiya magani yana tafiya. In Kware ta yi nisa a fara da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, su tura ku inda ya dace. Ki je da kanki ranar ganin likita, ki faɗi duk illar da maganin farko ya yi masa, ki tambaya ko za a mayar da shi kan allurar da ake yi duk bayan mako biyu zuwa huɗu, tunda ke kina iya yi masa ita a gida ba sai an dogara da wanda zai tuna da ƙwaya kullum ba. A duba ƙafar saboda ciwon da marin ya bari, a auna jininsa da sukarinsa. Kuma ki sa wanda za ki aura ya shiga motar nan tare da ku. Yadda ya riƙe yayanki a hanya zai amsa miki tambayata ta uku tun kafin a kai lefe.